Yadda Ake Zaɓar Ma'aunin Daidaiton Jiki da Karanta Binciken da Ke Bayansa

Shekarun baya aka kawo mini wata dattijuwa sashen gashi, inda ake farfaɗo da motsin jiki ta hanyar atisaye. Ta faɗi a banɗaki ta karye a wuyan hannu. Ƙashin ya haɗe, amma tsoro ya hana ta sakin bango. Ranar farko na gwada ta da ma'aunin Berg, wanda ke auna daidaiton jiki, wato iya zama da tsayuwa ba tangaɗi, ta samu maki 38 cikin 56. Muka yi mako uku muna atisaye, na sake gwadawa, ta samu 41. Na ja ɗanta gefe na ce masa, "Mama ta ci gaba, ga lamba nan ta shaida." Ya tafi da murnarsa.

Ba a yi kwana goma ba na ci karo da binciken da Donoghue da Stokes suka fitar a 2009, wanda suka yi a ƙasar Ailan kan tsofaffi masu zuwa gashi. Sun gano cewa wanda makinsa na farko ya faɗo tsakanin 35 da 44, sai ya motsa da maki 5 kafin a iya cewa canjin na gaskiya ne. Abin da bai kai haka ba yana iya zama gajiyar ranar ce, ko rashin barcin daren jiya, ko idon mai awon ne ya sassauta. Maki ukun da na yi wa bawan Allah albishir da su ba su fita daga cikin kuskuren ma'aunin ba. Mai yiwuwa ta samu sauƙi da gaske. Amma abin da ke hannuna bai isa raba gardama ba, ni kuwa na yi magana kamar ya isa.

Tun daga nan ba na amfani da ma'auni sai na san inda aka haife shi, su wa aka gwada shi a kansu, da kuma girman kuskurensa. Wannan rubutu na masu aikin gashi ne da ɗalibai da ma'aikatan jinya, da duk wanda zai tsaya a gaban mutum mai tangaɗi da agogo a hannu. Al'amarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya.

Fara da sanin abin da kake so ka auna

Tsayuwa aiki ce, mai lafiya ne kawai bai san yana yin ta ba. Ido yana faɗa wa ƙwaƙwalwa inda bango da ƙasa suke. Can cikin kunne akwai 'yan bututu uku masu ruwa da wasu 'yan jakunkuna biyu da ke jin juyawar kai da karkatarsa. Tafin ƙafa da idon sawu da sauran gaɓoɓi suna aika saƙon inda nauyi ya sauka. Ƙwaƙwalwa ta haɗa waɗannan, ta ba tsoka umarni, tsokar kuma ta amsa a kan lokaci. Ko'ina a wannan sarƙa ana iya samun tsinkewa. Mai ciwon suga da tafin ƙafarsa ya daina ji, da mai jiri daga kunne, da wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, duk za a ce maka "ba ya iya tsayuwa sosai", amma abin da ya lalace a jikin kowannensu daban ne.

Saboda haka kafin ka ɗauko takardar awo, ka tambayi kanka wace amsa kake nema. Tantancewa kake so ka yi, ka ware waɗanda ke cikin haɗarin faɗuwa daga cikin mutane da yawa? Ko so kake ka gano wane ɓangare ne ya gaza, don ka san atisayen da za ka ba shi? Ko kuwa bibiya kake yi, ka ga ko aikin mako shida ya yi amfani? Tambayoyi uku ne daban, kuma ma'aunin da ya ƙware a ɗaya sau da yawa rago ne a ɗayar. Kuskuren da na fi gani a wurin aiki shi ne a riƙe ma'auni guda, wanda aka koya a makaranta, a riƙa ɗora shi a kan kowa da kowace tambaya.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, ƙwararren mai gashi yana gane mai haɗari tun daga yadda ya shigo ƙofa. Sai dai kimar ido ba ta shiga fayil, kuma abokin aikinka da zai karɓi majinyacin wata mai zuwa ba zai iya kwatanta idonsa da naka ba.

Ma'aunan da za ka fi haɗuwa da su

Ma'aunin Berg shi ne babba a cikinsu. Katherine Berg da abokan aikinta suka fitar da shi a Kanada a 1989. Ayyuka 14 ne, kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 4, jimilla 56. Mutum zai tashi daga zaune, ya tsaya minti biyu ba dafawa, ya rufe ido sakan goma, ya haɗe ƙafafu, ya miƙa hannu gaba, ya ɗauki abu daga ƙasa, ya waiwaya baya, ya juya zagaye cikakke, ya riƙa ɗora ƙafa a kan ƙaramin benci ɗaya bayan ɗaya, ya sa ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, a ƙarshe ya tsaya da ƙafa guda. Yana cin minti 15 zuwa 20, kayan aikinsa kuma kujeru biyu ne da benci da abin awon tsawo da agogo. Ina son sa, kuma har gobe ina amfani da shi. Amma ka lura da abubuwa biyu da babu su a cikinsa: babu tafiya, kuma babu gwajin yadda mutum ke ceton kansa idan an bangaje shi ba shiri. Mutane kuwa a cikin tafiya suka fi faɗuwa, lokacin da ƙafa ta yi tuntuɓe hankali yana wani wuri.

Sai gwajin tashi ka tafi, wanda ake taƙaita sunansa da TUG. Podsiadlo da Richardson suka sa masa agogo a 1991, bisa wani gwaji da Mathias da abokansa suka kawo a 1986. Mutum yana zaune a kujera mai hannuwa, tsayin mazauninta kusan santimita 46, bayansa a jingine. Ka ce "tafi", ka danna agogo. Ya tashi, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo, ya dawo ya zauna, ka tsayar da agogo. Da takalminsa na kullum, da sandarsa idan yana dogarawa. Minti biyu sun isa. Sauƙin nan nasa ne ya sa aka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, zan dawo kan wannan.

Akwai gwajin miƙa hannu na Duncan da abokan aikinta, na 1990: mutum ya tsaya a gefen bango, ya ɗaga hannu daidai kafaɗa ya dunƙule, ya miƙa gaba iyakar iyawarsa ba tare da ɗaga ƙafa ba, a auna tazarar. Akwai na Mary Tinetti na 1986, maki 28, 16 na tsayuwa 12 na tafiya. Duka biyun suna da amfaninsu, ba zan daɗe a kansu ba.

Wanda nake so ka ba lokaci shi ne Mini-BESTest. Fay Horak ta fitar da babban BESTest a 2009, ayyuka 36 da aka raba gida shida, kowane gida yana duba ɓangare ɗaya na daidaiton jiki. Ya yi tsawo ga aikin yau da kullum, sai Franchignoni da Horak da wasu suka tace shi a 2010 ya dawo ayyuka 14, kowanne maki 0 zuwa 2, jimilla 28. A cikinsa akwai abin da Berg ya rasa. Mutum zai jingina nauyinsa a tafin hannunka, ka sake shi ba sanarwa, ka ga ko taku ɗaya zai yi ya tsaya, ko uku, ko sai ka tare shi. Zai tsaya a kan soso ido rufe. Zai yi tafiya yana juya kai, ya tsallake abu, ya yi TUG yana ƙirga lamba da baya uku uku. Mai cutar Fakinsan, cutar da ke sa karkarwa da sanƙarewar jiki, da zai iya samun 53 a Berg ka sallame shi, a nan ne za ka ga ya tafi da baya kamar icce in ka sake shi.

Ga wani tarko a kansa. Ayyuka biyu ana gwada su dama da hagu, tsayuwa da ƙafa ɗaya da takun ceto na gefe. Ƙa'ida ita ce a ɗauki makin ɓangaren da ya fi rauni. Wasu masu bincike sun haɗa ɓangarorin biyu, jimillarsu ta zama 32, har King da Horak suka rubuta gyara a 2013. In ka ga wata takarda ta ce "maki 20 ne iyaka", wato makin da ke raba mai haɗarin faɗuwa da wanda ba shi da shi, duba ko cikin 28 take nufi ko cikin 32.

Ga wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar bai daɗe ba, wanda ko zama bai iya ba, duk waɗannan sun yi masa nisa. A nan PASS ya fi, wanda Benaim da abokansa suka fitar a Faransa a 1999: ayyuka 12, maki 36, ya fara tun daga juyawa a kan gado da tashi zaune.

Yadda nake karanta takardar bincike

Ba na farawa da taƙaitaccen bayanin da ke saman takarda, domin nan ne marubuta ke sa wa aikinsu kwalliya. Kai tsaye nake zuwa teburin farko, inda aka bayyana mutanen da aka gwada. Su nawa ne? Shekarunsu nawa? Wace cuta? A gida suke zaune suna zuwa asibiti da ƙafarsu, ko a kwance suke? Lambar da aka samo daga tsofaffi masu yawo da kansu ba ta da hurumi a kan wanda aka yanke wa ƙafa, ko yaro, ko mai shanyewar ɓarin jiki. Ma'auni ba ya da inganci shi kaɗai a sarari. Ingancinsa yana ɗaure da irin mutanen da aka gwada shi a kansu.

Daga nan sai in duba ko ma'aunin yana tsayawa kan magana ɗaya. Idan ni da kai muka gwada mutum guda, makinmu zai zo ɗaya? Idan na gwada shi yau na sake jibi, alhali babu abin da ya canza a jikinsa, zan samu abu guda? Ana bayyana wannan da wata lamba da ake kira ICC, daga 0 zuwa 1. Koo da Li a 2016 sun ba da jagorar da mutane da yawa ke bi: ƙasa da 0.5 rauni ne, 0.5 zuwa 0.75 tsaka-tsaki, 0.75 zuwa 0.9 da kyau, sama da 0.9 madalla.

Amma kada ICC mai tsawo ta ruɗe ka. Lambar nan tana nuna yadda ma'aunin ke bambance mutum da mutum ne. Idan mai bincike ya tara wanda ba ya iya zama da wanda ke iya gudu a rukuni ɗaya, ICC za ta yi sama ko da ma'aunin yana da kuskure mai yawa, domin raba waɗannan biyu ba ya buƙatar gwaninta. Kai kuwa mutum ɗaya ne a gabanka, kana so ka san ko ya fi yadda yake makon jiya.

Abin da ke amsa wannan shi ne kuskuren awo, SEM, da ƙaramin canjin da za a iya gaskatawa, MDC. In takardar ba ta kawo su ba, kana iya fitar da su da kalkuletar wayarka, muddin ta ba da ICC da SD, wato yadda makin mutanen ya warwatsu a kewayen matsakaici. Lissafin shi ne SEM = SD × √(1 − ICC), sannan MDC = SEM × 1.96 × √2, wanda kusan daidai yake da SEM sau 2.77. A ce SD maki 6 ne, ICC kuma 0.90. Kuskuren awo zai zama kusan 1.9, MDC kuma ya ɗan haura 5. Ka gani? ICC ta 0.90, wadda kowa zai yaba, amma sai majinyacinka ya ƙaru da maki 6 kafin ka buɗe baki da tabbaci. In da ICC ɗin 0.95 ce, MDC zai sauko ƙasa da 4. Ɗan bambancin da ido ba ya kulawa da shi a takarda, a gaban majinyaci maki biyu ne.

MDC ma ba ɗaya ba ne a duk tsawon ma'aunin. A binciken nan na Donoghue da Stokes, mai maki 45 zuwa 56 yana buƙatar canjin 4, mai 35 zuwa 44 yana buƙatar 5, mai 25 zuwa 34 sai 7, mai 0 zuwa 24 kuma 5. Tsakiyar ma'aunin ce ta fi rawa, kuma dalilin a fili yake ga duk wanda ya yi aikin: a nan ne mutum yau ya iya, gobe ya kasa, mai awo kuma ya tsaya yana shawara tsakanin 2 da 3.

Akwai kuma wata lamba dabam da ake yawan cakuɗawa da wannan, MCID, ƙaramin canjin da majinyaci zai ji a rayuwarsa ya ce ya amfana. Jaeschke da Singer da Guyatt suka kawo wannan tunani a 1989. MDC tana cewa canjin ba kuskure ba ne, MCID tana cewa canjin ya kai a damu da shi. In ka ga takarda ta kawo MCID da ta fi MDC ƙanƙanta, to ma'aunin bai da kaifin da zai hango wannan canjin a jikin mutum ɗaya.

Sai rufi da daɓe. Duba mutum nawa ne suka cinye makin gaba ɗaya, nawa ne suka samu sifili. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce in sun wuce kashi 15 cikin ɗari, ma'aunin ya yi wa wannan rukuni kaɗan ko ya yi musu yawa. Mutumin da ya fara da 55 a Berg ba shi da wurin hawa, komai atisayen da ya yi. Wanda ya fara da 2 yana iya koyon juyawa a gado da riƙe kansa a zaune, iyalinsa su ga canji ƙarara, Berg kuwa ya ce bai gani ba.

Lambar iyaka, inda aka fi zamewa

Kowane ɗalibi ya haddace cewa TUG da ya kai sakan 13.5 alamar haɗarin faɗuwa ce. Kaɗan ne suka san daga ina lambar ta fito. Binciken Shumway-Cook da Brauer da Woollacott ne na 2000, kuma mutum 30 aka gwada: 15 da suka riga suka sha faɗuwa, 15 da ba su faɗi ba. A cikin wannan rukuni gwajin ya raba su da kyau, ya dace da kashi 87 cikin ɗari ta kowane ɓangare. To amma raba waɗanda ka riga ka san sun faɗi daga masu ƙarfi abu ne, hango wanda zai faɗi nan da shekara kuma wani abu ne daban. A 2014 Barry da abokan aikinta suka tattara binciken da aka bi mutane gaba aka jira a ga wanda zai faɗi. A wannan iyaka ta 13.5, gwajin ya kama kusan ɗaya ne kawai cikin uku na waɗanda suka faɗi daga baya. Biyu cikin uku sun wuce ta ƙarƙashinsa.

Haka labarin yake ga maki 45 da ake ɗauka a matsayin iyakar haɗari a ma'aunin Berg. Muir da abokan aikinta, ita kanta Berg tana cikinsu, sun bi tsofaffi masu zama a gida suka fitar da sakamako a 2008: iyakar 45 ta kama kashi 25 cikin ɗari ne na waɗanda suka faɗi. Shawararsu ita ce a daina raba mutane gida biyu da lamba ɗaya, a ɗauki haɗarin a matsayin abu mai hawa sannu a hankali yayin da maki ke sauka. Mai 46 da mai 44 'yan gida ɗaya ne.

Shi ya sa za ka ga lambobi suna saɓawa. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana amfani da sakan 12 a TUG. Jagorar duniya kan rigakafin faɗuwar tsofaffi ta 2022 ta fi karkata ga saurin tafiya, tana sa ido kan wanda saurinsa bai wuce mita 0.8 a sakan ba, ta kuma ambaci sakan 15 ga masu amfani da TUG. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Mutanen da aka duba daban, manufar daban, wani lokaci ma umarnin daban, domin asalin gwajin cewa ya yi a yi tafiya yadda aka saba, wasu masu binciken kuma cewa suke yi a yi sauri iyakar yadda ba za a faɗi ba.

Abin da nake yi shi ne: in TUG ya yi tsawo, na ɗauke shi da muhimmanci. In ya yi gajere, ba na cewa an tsira. Ina tambaya, "Baba, ka faɗi a cikin shekarar nan? Kana jin kamar ƙafarka ba ta riƙe ka? Kana tsoron faɗuwa?" Tambayoyin nan uku su ne jagorar 2022 ta sa a gaba, kafin a taɓa agogo. In takarda ta zo maka da sabuwar lambar iyaka, abu na farko da za ka nema shi ne ko an bi mutanen gaba ne, ko kuwa tarihin baya aka tambaye su.

A gaban majinyaci

Duk lissafin da ke sama ya dogara ne kan cewa ka yi gwajin yadda masu binciken suka yi shi. Na taɓa aiki a wani wuri da kujeru iri uku ke yawo a ɗakin gashi, kowa ya ja wadda ta fi kusa. Wata doguwa, wata mai laushi da mutum ke nutsewa a ciki. Tashi daga gajeriyar kujera ya fi wuya, mai raunin cinya kuma zai ƙara sakanni a kanta. Mun yi watanni muna rubuta tarihin kujeru a fayil muna zaton na majinyata ne. Maganin bai fi ƙarfin kowa ba: ware kujera ɗaya, auna tsayinta, sa mata alama, manna layin mita 3 a ƙasa ya zauna dindindin.

Rubuta takalmin da ya sa, da abin dogarawar da ya riƙe. In ya zo da sanda a karon farko ya dawo ba sanda, lokacinsa na iya ƙaruwa alhali ya ci gaba, don haka lambobin biyu ba sa kwatantuwa sai da bayani. Rubuta ƙarfe nawa ne. Ga mai cutar Fakinsan, rubuta awa nawa ke nan da shan maganinsa, domin mutum ɗaya ne amma jiki biyu gare shi, na lokacin da magani ke aiki da na lokacin da ya sake shi. Faɗi umarnin da kalmomi iri ɗaya kowane karo. Bari ya gwada sau ɗaya kafin ka danna agogo. Kada ka yi awo a ƙarshen atisaye lokacin da ƙafa ta gaji.

Kafin ka tayar da tsoho mai ƙorafin jiri, auna jininsa a kwance sannan a tsaye. In lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti uku da tashi, ka samu wani dalilin layi wanda atisaye ba zai gyara ba, sai likita ya duba magungunansa. Ɗaura masa bel a ƙugu, tsaya ta ɓangaren da ya fi rauni, ɗan baya kaɗan, hannunka kusa amma ba ya taɓa shi. Da zarar ka taɓa, makin ya canza. Gwajin jingina da saki kuwa kada ka yi shi kai kaɗai a kan mutumin da ya fi ka nauyi.

In kana tsakanin maki biyu, ba da na ƙasa. Haka umarnin Berg ya ce. Na san yadda zuciya ke yi. Mutum ya yi mako shida yana zuwa, ka ga wahalarsa, hannunka yana so ya rubuta 3 a inda 2 ta dace. In da hali, wanda bai yi masa atisayen ba shi ya yi awon ƙarshe, kuma kada ya ga makin farko sai ya gama.

Kada ka bar bakin majinyaci a baya. Ma'aunin ABC na Powell da Myers, na 1995, tambayoyi 16 ne: kashi nawa cikin ɗari kake da tabbacin ba za ka yi tangaɗi ba in kana shara, ko hawa matakala, ko tafiya cikin cunkoso? Wani jikinsa ya fi zuciyarsa ƙarfi, ya kulle kansa a ɗaki har ƙafafun su mutu da zama. Wani kuma zuciyarsa ta fi jikinsa, shi ne mai hawa kujera ya ɗauko abu a sama. Sai ka ajiye makin aiki kusa da makin tabbaci kafin ka gane wanne ne a gabanka. Ƙungiyar masu gashin cututtukan jijiya ta Amurka, a jagorarta ta 2018, ta sa ABC cikin ma'aunai shida da ta ce a riƙa yi wa manya masu irin waɗannan cututtuka, tare da Berg, da FGA na daidaito a cikin tafiya, da tafiyar mita 10, da tafiyar minti 6, da tashi da zama sau biyar.

Sai dai ma'aunin tambaya yana ɗauke da ƙasar da aka rubuta shi. A cikin ABC akwai tambaya kan tafiya a hanyar da ƙanƙara ta daskare, akwai kan matakalar lantarki mai tafiya da kanta. Wanda bai taɓa taka ɗayansu ba, amsarsa zato ce. Kada ka fassara da ka a gaban majinyaci, yau da wata kalma gobe da wata. Hanyar da Beaton da abokan aikinta suka shimfiɗa a 2000 ita ce mutum biyu su fassara kowa shi kaɗai, a haɗa, wasu da ba su ga asalin ba su mayar da shi harshen farko, kwamiti ya zauna ya daidaita, sannan a gwada a kan mutum 30 zuwa 40 a tambaye su me suka fahimta. Bayan wannan ma sai an sake auna ICC da kuskuren awo, domin fassararren ma'auni sabon ma'auni ne.

Wannan aiki ne da ƙaramin sashe zai iya yi, kuma ina ganin ya fi yawancin binciken kammala karatu amfani. Tara majinyata iri ɗaya, kamar hamsin in za a samu, waɗanda yanayinsu ya daidaita ba ya sauyawa da sauri. Da izininsu da na kwamitin ɗa'ar bincike, mutum biyu su auna su ba tare da ganin takardar juna ba. A sake bayan 'yan kwanaki, tazarar da ta isa mai awo ya manta maki amma ba ta isa jiki ya canza ba. Fitar da ICC, ka faɗi wane irinta ka yi amfani da shi, ka fitar da SEM da MDC, ka zana hoton Bland da Altman, wanda suka bayyana a 1986, don a ga ko ɗaya daga cikin masu awon yana yawan ba da maki sama da ɗayan. Jagorar COSMIN kan tantance ingancin ma'aunan lafiya, wadda masu bincike a Amsterdam suka jagoranta, tana da jerin abubuwan da za ka duba tun kafin ka fara.

A takardar awon da nake amfani da ita yanzu, kusa da gurbin makin farko na ƙara wani ɗan gurbi. Da na rubuta 38, nan take nake rubuta 43 a gefensa, makin da sai an kai shi zan ce wa iyali lamba ta motsa. Kafin a kai can, in ɗa ya tambaye ni yaya jikin Mama, abin da na gani nake faɗa masa: makon jiya sai da hannu biyu take tashi daga kujera, yau da ɗaya ta tashi, kuma za mu sake awo ranar da muka sa.